Ranar da Na Mayar wa Masuntan Lagdo Littafinsu

Tsufa ya soma kwashe mini abubuwa da yawa, har sunayen wasu da muka yi shekaru muna zama ofis ɗaya sai na yi ta lalube kafin in tuno. Amma akwai rana guda da ba na jin zan manta da ita muddin ina numfashi. Ita ce ranar da na tsaya a gaban masunta a wani tsibiri cikin tafkin Lagdo, riƙe da littafin Faransanci ina juya musu shi zuwa Hausa, alhali yawancinsu sun gama yarda cewa ni na sayar da su.

Ni haifaffen Garwa ne. Kakana fatauci ya kawo shi daga ƙasar Kano, ya zauna, ya yi iyali, bai koma ba. Mahaifina kuwa rumfar atamfa da shadda gare shi a babbar kasuwa, kuma duk wanda ya yi ciniki da shi ya san mutum ne mai magana ɗaya. A cikin 'ya'yansa ni kaɗai na yi nisa a lakwal, wato makarantar boko, har na samu aiki a ofishin da ke tattara alƙaluman noma da kiwo da kamun kifi na lardinmu. Aikinmu shi ne mu bi ƙauyuka muna tambaya: dawa nawa aka samu bana, gyaɗa fa, auduga fa, shanu nawa suka shiga kasuwa, kifi nawa ya fito daga ruwa. In shekara ta ƙare sai a haɗa komai a buga littafi mai koren bango, a aika Yawunde, a jera sauran a kan kanta ƙura ta rufe su. Gaskiyar magana, a lokacin ban taɓa tunanin akwai mai buɗe shi ba. Mahaifina ma in yana son tsokanata yakan ce, "Ga mai ƙirga dukiyar mutane nan ya dawo."

Abin da zan ba da labari ya faru ne a shekarun nan masu wuya, lokacin da aka zaftare albashin ma'aikata, aka kuma karya darajar sefa, kuɗin ƙasarmu. Motar ofis ta kwana biyu a kan duwatsu babu taya, babur babu mai. Sai ya zama wasu daga cikinmu ba sa zuwa ƙauye ko kaɗan. A ɗauko littafin bara, a ƙara kaɗan nan, a rage kaɗan can, shi ke nan an gama aikin bana.

A cikin wannan hali aka kawo mana sabuwar shugaba. 'Yar Yagwa ce, Kirista, doguwa, ba ta da yawan magana. Madam muke ce mata. Da ni takan yi Fulatanci in muna hira, in aiki ne kuma Faransanci. Ba ta yi wata guda ba ta kira ni ofishinta, ta baje littattafan shekarun baya a kan tebur, duk a buɗe a shafin kifin Lagdo.

Ta ce, "Duba nan. Kowace shekara kifi yana ƙaruwa daidai wa daida, kamar wanda ake ba umarni. Ka taɓa ganin ruwan da ke yin haka?"

Ni kuwa na san yadda aka samo waɗannan alƙaluman.

Ta ce, "Ubana masunci ne a kogin Logon. Ina yarinya na ga kifin da sai mutum biyu suke ɗauka a kan sanda. Yau in na gaya wa 'ya'yana sai su yi dariya, su ce Mama ta fara tatsuniya. Ba ni da abin da zan nuna musu, don babu wanda ya auna, babu wanda ya rubuta. Ba na son a yi wa Lagdo haka ina zaune a kujerar nan."

Ta raba mu zuwa sansanonin masunta. Ni ta tura ni wani tsibiri can cikin tafkin, saboda Hausa ita ce harshen da ya fi tafiya a kan ruwan. Masuntan da yawa daga wajen Najeriya suka zo, kuma ko 'yan ƙabilun Musgum da Kotoko da ke wurin da Hausa suke ciniki.

Na bi motar 'yan kifi zuwa Lagdo, daga nan na shiga kwalekwale mai inji. Kayan aikina sikeli ne, da wani katako mai zanen awo da ake kwantar da kifi a kai a ga tsawonsa. Tafkin nan ya ba ni tsoro a ganin farko. Ruwa har iyakar ido, ga busassun itatuwa sun leƙo daga ciki, waɗanda ruwa ya cinye tun da aka datse kogin Binuwai. Kafin mu kai gaɓa na lura jiragen da na hango daga nesa duk sun ɓace cikin ciyawa. Da na sauka kuwa, sai mata da tsofaffi na tarar, kowa ya duƙufa a kan abin da yake yi kamar bai ga baƙo ba.

Aka kai ni wurin Sarkin Ruwa, wato shugaban masuntan tsibirin. Dattijo ne mutumin Yawuri, siriri, hannuwansa duk sun yi kanta saboda jan igiya. Yana cikin na farkon da suka zo tun ruwan yana sabo. Ya karɓe ni a ƙarƙashin rumfar zana, ya sa aka kawo mini ruwa, amma bai tambaye ni abin da ya kawo ni ba. Sai ya tambaye ni ɗan wane ne ni a Garwa. Da na faɗi sunan mahaifina da layin da rumfarsa take, sai ya ɗago ya dube ni sosai.

Ya ce, "Mai atamfa? Wurinsa na yi wa 'yata kayan aure. Na zaɓi wani turmi, ya ce in ajiye, wai yana zuba. Ka ji mai kaya yana kushe kayansa."

Daga nan fuskarsa ta saki. Na yi masa bayanin aikina, ya saurara har na gama, sannan ya yi mini tambaya guda.

"Ɗana, abin nan da za ka rubuta, zai cutar da mu?"

Na ba shi amsar da aka koya mana tun ranar da muka fara aiki, wadda ni kaina na yarda da ita har zuciya. Na ce, "Baba, lissafi ba ya cutar da kowa. Ba a sa sunan mutum a littafin, ba a sa sunan sansani. Kuma ni ba zan kawo muku kowa ba, ba ɗan haraji ba, ba jandarma ba."

Da yamma ya tara mutane ya ce musu, "Ɗan mai atamfa ne. Ku bar shi ya auna."

Na yi makonni a tsibirin nan. Kullum da hantsi in jiragen sun dawo sai in tsaya a bakin ruwa da sikelina. Karfasa ce ta fi yawa, sai tarwaɗa da kurungu, giwan ruwa kuwa sai an dace. Abin da ya fara damuna shi ne ƙanƙantar kifin. Karfasa da yawa ba ta kai tafin hannuna ba. Da na duba kallin da suke sakawa, wato ragar da ake shimfiɗawa cikin ruwa kifi ya maƙale, sai na ga idonsa ƙanana ne ƙwarai, da ƙyar yatsa biyu ke shiga. Doka ta hana irin wannan, kuma su ma sun sani. Shi ya sa suka ɓoye jiragensu ranar da na zo.

A cikin masuntan akwai wani tsarana da muka shaƙu. Bai daɗe da aure ba, matarsa tana da ciki. Shi ya ba ni wurin kwana a bukkarsa ta baƙi, shi ya koya mini zama a kwalekwale ba tare da na kifar da mu ba, kuma duk kifin da ya fi kyau a kamunsa sai ya ce matarsa ta dafa mana. Sabon kalli gare shi, yana ji da shi sosai, don shi ne na farko da ya mallaka na kansa bayan shekaru yana yi wa wasu aiki. Wata rana muna kan ruwa na ce masa, "Wannan idon bai yi ƙanƙanta ba kuwa?" Ya yi dariya ya ce, "Malam, in na sa mai faɗi ruwa kawai zan tace. Kowa irin wannan yake sakawa. In na bari, na kusa da ni ba zai bari ba." Ban sake tayar da maganar ba. Na rubuta faɗin idon kallin kamar yadda na rubuta na kowa, babu suna.

Da muka koma Garwa, Madam ta haɗa abin da kowannenmu ya kawo, ta tono tsofaffin rahotanni na shekarun farko na tafkin, lokacin da ake aunawa da gaske, ta jera su kusa da juna. Abin da ya fito ba ya bukatar dogon ilimi. Jirage sun ƙaru, raga ta ƙaru, amma abin da jirgi ɗaya ke komowa da shi ya ragu, kifin kuma yana ta ƙanƙancewa saboda ana kama shi tun bai yi ƙwai ba. Ta rubuta haka ƙarara a littafin shekarar, ta ce ƙananan raga sun bazu a ko'ina cikin tafkin. Da injin hannu muka buga shi a ofis, muna juyawa bi da bi, tawada duk ta ɓata mana riguna.

Ikon Allah, littafin da babu mai buɗewa, wannan karon sai aka buɗe shi. Ban san wane babba ne ya karanta a can sama ba, amma ba a jima ba wani jami'i mai kula da sintirin ruwa ya shigo ofishinmu. Ya zauna ba a ba shi kujera ba, ya ce an ba shi umarni ya tsabtace tafkin, kuma ya ji ni na san hanyoyin tsibiran da inda ake ɓoye jirage. Zan shiga jirginsu in nuna musu.

Ina da mata da jariri a lokacin, kuma a shekarun nan ba a wasa da aikin gwamnati, ko da albashin ba ya zuwa a kan kari. Kafin in buɗe baki Madam ta ce, "Ba zai je ba."

Ya ce, "Madam, ke kika rubuta cewa suna kashe tafkin."

Ta ce, "Ni na rubuta, kuma gaskiya ne. Amma mutanen nan sun buɗe mana jiragensu ne don mun ce awo muka zo yi. In yau mai sikeli ya koma musu da bindiga a bayansa, har abada babu wanda zai sake nuna mana kifi ɗaya a lardin nan. Aikinka daban, namu daban."

Ya miƙe yana cewa zai kai ƙararta, kuma ya kai. Sai da ta yi ta amsa tambayoyi a rubuce. Shi kuwa ya tafi ba tare da ni ba, don tafkin ba ɓoyayye ba ne, akwai masu nuna hanya da yawa. Suka bi sansani sansani suna ƙwace ƙananan raga suna cinna musu wuta a bakin ruwa. Tsibirin da na zauna yana ciki.

Ban ji labarin a ofis ba. A kasuwa ya riske ni. Wata rana bayan la'asar mahaifina ya aiko a kira ni rumfa. Na tarar ya sallami yaran shago, yana zaune shi kaɗai a kan buzu. Wani ɗan kasuwar kifi ne ya zo ya gaya masa abin da ake faɗa a Lagdo.

Ya ce, "An ce ka ci abincin mutane, ka kwana a ɗakinsu, sannan ka aika musu da wuta."

Na ce, "Baba, ban kai kowa ba. An nemi in kai su, shugabarmu ta hana."

Ya ce, "Na yarda da kai. Amma ni ba ni aka ƙona wa raga ba. Da sunana aka karɓe ka a can. Ka tashi ka je ka faɗa musu da bakinka."

Na ce ina tsoron abin da za su yi mini. Ya ce, "Ka ji tsoron. Amma ka je."

Matata ta yi kuka ta ce in bari ƙura ta lafa. Madam kuwa da na gaya mata, ba ta ce in je ba, ba ta ce kada in je ba. Ta jawo durowa ta ɗauko littafin guda ɗaya ta miƙo mini. Ta ce, "In za ka je, ka tafi da wannan. Ka karanta musu abin da muka rubuta a kansu, kada ka tsallake ko layi ɗaya. Daga jiragensu muka ɗebo shi, kuma duk lardin nan su kaɗai ne ba su san abin da ke ciki ba."

Mai kwalekwalen da ya ɗauke ni daga Lagdo sai da ya tambaye ni sau biyu ko na tabbata. Da muka iso, abin da na fara gani shi ne wani baƙin tabo a kan yashi, babba, inda aka tara ragar aka ƙona. Robar ta narke ta dunƙule, har lokacin ana jin ƙaurinta. Jirage suna jere a gaɓa a bushe, alamar sun kwana biyu ba su shiga ruwa ba. Na jefa igiya, babu wanda ya karɓa. Na yi sallama, aka amsa can ƙasa-ƙasa. Abokin nan nawa yana zaune a kan jirginsa da aka kife, ya dube ni sau ɗaya ya kawar da kai.

Sarkin Ruwa bai miƙo mini hannu ba, amma ya nuna mini tabarma. Kafin in gama gaishe shi mutane sun cika rumfar, maza a gaba, mata masu banda a tsaye a baya, wato masu ƙyafe kifi a kan wuta. Ya ce, "To, ɗan mai atamfa, ga ka, ga mu."

Na ce ban kawo kowa ba, na faɗi yadda aka yi a ofis. Wani ya yi tsaki daga baya. Sai na ciro littafin na ce, "Ga abin da na kai. Ku ba ni izini in karanta muku, in ya so ku yanke hukunci."

Ban taɓa sanin nauyin aikina ba sai da na fara juya shi zuwa Hausa. A Faransanci kalmomin santsi gare su, suna wucewa ba su taɓa kowa ba. Amma a Hausa dole in ce, "abin da jirgi ɗaya ke komowa da shi," dole in ce, "kifin da aka kama bai taɓa haihuwa ba." Kuma ga masu jiragen nan zaune suna kallon bakina. Na karanta yadda tafkin yake a shekarun farko, da yadda ya koma yanzu. Da na zo wurin da aka ambaci ƙananan raga, zuciyata ta ce in tsallake. Ban tsallake ba.

Abokina ya miƙe tsaye, da filafilin tuƙi a hannunsa. Ya ce, "Kun ji ko? Ga shi nan da bakinsa! Ya zauna a jirgina yana auna idon kallina, ina ba shi labari kamar ɗan'uwa. Matata ta kusa haihuwa, Malam. Me zan sa a ruwa? Littafinka?"

Wasu suka taso tare da shi. Na tuna na dubi bakin ruwa na ga mai kwalekwalen da ya kawo ni ya ɗan ja baya daga gaɓa. Sarkin Ruwa ya ɗaga hannu, aka lafa.

Ya ce, "Tambaya ɗaya zan yi maka. Ka ce ba kai ka kawo su ba, na ji. Amma littafin nan, shi ya taso su ko ba shi ba?"

Da zan iya cewa ban sani ba, kuma babu mai iya ƙaryata ni. Amma na yi doguwar tafiya don in faɗi gaskiya, ban ga amfanin in tsaya a rabinta ba. Na ce, "Shi ne, Baba. Ban nuna musu hanya ba, ban ba su sunan kowa ba. Amma abin da na auna a nan yana cikin littafin, kuma abin da ke cikin littafin shi ya taso su."

Ina jin ƙarar ruwa yana dukan jirage.

Sai wata tsohuwa daga cikin masu banda ta ratso maza ta shigo tsakiya. Ita ce babbarsu, kowa Inna yake ce mata. Ba ni ta kalla ba, mazan ta fuskanta. Ta ce, "Ni ban san karatu ba, kuma ban ce yaron nan ya kyauta ba. Amma wayar da nake shimfiɗa kifi a kai lokacin da muka zo, tana nan a bayan ɗakina, na jingine ta. Kun san dalili? Kifin da kuke kawo mini yanzu zurarewa yake ta cikinta ya faɗa wuta. Sai da na sayi mai ƙananan ido, kamar yadda kuka sayi kalli mai ƙananan ido. Mun daɗe muna faɗa a tsakaninmu mu mata. Yau an faɗa da Faransanci shi ne kuka ji zafi?"

Wani dattijo ya ce in sake karanta wurin shekarun farko. Na sake. Ya gyaɗa kai ya ce haka ne, a lokacin giwan ruwa ɗaya takan cika gaban jirgi. Wani ya ce ba su kaɗai ba ne, masu jan taru, wato babbar ragar da ake ja a bakin gaɓa, sun fi su ɓarna. Wani ya ce ko sun daina, na sauran sansanoni ba za su daina ba. Gardama ta kaure a tsakaninsu, har suka manta da ni ina tsaye da littafi a buɗe. Abokina kuwa ya ajiye filafilin ya fita daga rumfar.

Da aka watse, Sarkin Ruwa ya ce in zauna. Ya daɗe yana juya littafin a hannunsa, yana shafa shafukan da bai iya karantawa ba.

Ya ce, "Ba ka yi mana ƙarya ba a kan abin da ka yi alkawari. Ba ka kawo kowa ba, na yarda. Amma ranar da ka zo na tambaye ka ko abin nan zai cutar da mu, ka ce lissafi ba ya cutar da kowa. Ɗana, kada ka sake gaya wa wani haka. Ka ce masa zai iya cutar da shi, sannan ka gaya masa dalilin da ya sa duk da haka ya kamata a auna. In ya yarda, ya yarda da idonsa a buɗe."

Na ce, "Na ji, Baba."

Ya ce, "Na biyu. Da a ce kafin ka kai wa gwamnati ka fara zuwa ka karanta mana kamar yadda ka yi yau, wataƙila da mu da kanmu mun fara yin wani abu, ba sai an zo mana da ashana ba. Wataƙila kuma da ba mu yi ba, Allah ne masani. Amma da mun ji daga bakinka."

Ya riƙe littafin, ya ce a wurinsa zai zauna. Ya sa aka ba ni abinci, na ci ni kaɗai, sannan ya raka ni har bakin ruwa da kansa don kowa ya gani.

Ba zan ce daga ranar tafkin ya warke ba, don ƙarya ne. Wasu sun sayi raga mai faɗi, wasu sun sake sayen ƙanana suka ƙara iya ɓoyewa. Abin da ya canza a wurinmu ne. Da na gaya wa Madam maganar Sarkin Ruwa, ta ce dattijon ya fi mu gaskiya. Daga shekarar, kafin a buga littafi sai mu koma inda muka yi awo mu karanta wa mutanen abin da muka samu, masunta da Hausa, manoma da makiyaya da Fulatanci. Wani lokaci su gyara mana kuskure, wani lokaci su zage mu, amma ba a sake ɓoye mini jirgi ba. Ko bayan an ɗauke Madam an kai ta wani lardi, na ci gaba da yin haka har na yi ritaya.

Abokina kuwa ya bar tsibirin bayan matarsa ta haihu, aka ce ya koma wajen tafkin Maga. Shekaru da yawa bayan haka na haɗu da shi a kasuwar Garwa, ya kawo banda, furfura ta fito masa kamar yadda ta fito mini. Na gaishe shi, ya amsa, ya tambayi iyali. Na soma cewa wani abu game da wancan lokacin, sai ya tare ni. Ya ce, "Na sani, Malam, ba kai ka kawo su ba. Amma shekarar nan mun sha wuya." Ya juya ga mai sayen kifinsa. Ban ga laifinsa ba, kuma ban sake ganinsa ba.

Abin da wannan al'amari ya koya mini shi ne, duk lambar da ka gani a cikin irin littattafan nan, daga gonar wani ko jirgin wani aka ɗauko ta, kuma tana iya komawa kansa da alheri ko da wuta. Ban daina ganin cewa dole a auna ba, dole kuma a rubuta gaskiya ko da tana da ɗaci, in ba haka ba ruwa ya ƙare muna cewa yana ƙaruwa. Amma wanda ya buɗe maka jirginsa yana da hakkin ya san abin da awon zai iya jawo masa tun kafin ka ɗora kifinsa a kan sikeli, kuma shi ya kamata ya fara jin abin da ka samu, daga bakinka, kana tsaye a gabansa.